Wai me ke sa a kira wasa RPG?

Bakatsine:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Yanzu duk wasan da mutum ya sauke a waya sai ya tarar an liƙa masa RPG: na harbi RPG, na noma RPG, har wanda ake jera 'ya'yan itace uku. To mene ne ginshiƙan da in babu su wasa bai ci wannan suna ba? Sannan idan mutum huɗu ko biyar suna son gwada na kan tebur, wanda ake yi da takarda da dayis, me za su tanada, kuma a ina aka fi yin tuntuɓe? Don Allah a warware mana filla-filla.

Mai_Dayis:

Wa alaikumus salam, Malam Bakatsine. RPG gajarcen "role-playing game" ne, wato wasan da kake taka rawar wani mutum a cikin labari. Asalin abin a kan tebur yake, daga baya kwamfuta ta ara. A 1974 Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar da Dungeons & Dragons a Amurka, a ƙarƙashin kamfanin TSR. Kafin nan wasannin yaƙi ake yi, kowa yana juya runduna guda a kan tebur. Sauyin da suka kawo shi ne kowane ɗan wasa ya riƙe mutum ɗaya tak, ya yi magana da bakinsa, kuma mutumin nan ya ci gaba da rayuwa daga wannan zama zuwa na gaba.

Wannan mutumin shi ne jarumi, kuma a takarda yake zaune. A bugu na biyar na wasan, wanda ya fito a 2014, jarumi yana da siffofi shida: ƙarfi, zafin nama, juriya, basira, hikima da kwarjini. Hanya mafi sauƙi ita ce ka raba musu 15, 14, 13, 12, 10 da 8 yadda ka ga dama. Daga kowace lamba ake fitar da ƙari: ka cire 10, ka raba biyu, in rabi ya rage ka sauko ƙasa. Ka ga 15 ta ba da +2, ita kuwa 8 ta ba da -1. Kowa na da inda ya gaza ke nan, kuma da gangan aka yi haka, don wanda ya iya komai ba ya buƙatar abokan tafiya.

Sai jagoran wasa. Shi ne idon 'yan wasa da kunnensu, shi ke bayyana wuri, shi ke magana a madadin duk wanda aka ci karo da shi, shi ke yanke wahalar abu. Ga yadda zagaye ɗaya yake:

Jagora ya ce, "Kun iso ƙofar gari bayan magariba, an riga an rufe. Mai gadi ɗaya ne, yana gyangyaɗi a kan benci, fitila a gefensa." Ɗan wasa ya ce, "Zan zagaya in haura ganuwa ta inda babu haske." Jagora ya sa wahalar a 15 (10 mai sauƙi ce, 15 matsakaiciya, 20 mai wuya). Ɗan wasa ya jefa dayis mai fuska 20, ya ƙara +2 na ƙarfi da +2 na horon da jarumin ya samu. Yana neman 11 ko sama, wato rabi da rabi. Ya samu 9, jimilla 13. Bai kai ba. Ƙasa ta zube a ƙarƙashin ƙafarsa, mai gadi ya farka ya ɗaga fitila.

Wannan shi ne zuciyar RPG a ganina: ka faɗi abin da jaruminka zai yi ba tare da an ba ka jerin zaɓi ba, doka ta yanke, duniyar wasan ta sauya kuma ta riƙe abin da ya faru. Gobe in kun dawo ƙofar nan, mai gadin ya san fuskarka.

Ci gaba shi ne na ƙarshe. Maki 300 na ƙwarewa ke kai jarumi mataki na 2, 900 na 3, 2,700 na 4, 6,500 na 5, har zuwa mataki na 20. Da kowane mataki jini, wato lambar da ke nuna yawan raunin da jarumi zai iya ɗauka kafin ya faɗi, yana ƙaruwa, sabbin dabaru suna buɗewa.

Ɗan Damagaram:

Mai_Dayis ya gama magana a kan ginshiƙai, ni bari in taɓa inda wasa ke lalacewa, don kusan duk daga wajen jagora matsalar take fitowa.

Babbar cutar sabon jagora ita ce a jefa dayis a kan komai. Buɗe ƙofar da ba a kulle ba, a jefa. Tambayar hanyar kasuwa, a jefa. Dayis na fitowa ne kawai idan akwai yiwuwar kasawa kuma kasawar za ta jawo wani abu. In ɗan wasa ya faɗi kuma amsar jagora ita ce "ba ka iya ba", sai na kusa da shi ya ce shi ma zai gwada, haka har wani ya dace. To lissafa: abin da ke rabi da rabi, in mutum huɗu suka gwada, sau 15 cikin 16 wani zai ci. Jifan ya zama ɓata lokaci. Shi ya sa misalin mai gadin nan ya yi daidai, kasawar ta buɗe sabuwar rigima.

Mai kama da wannan: kada ka ɓoye abin da labari ya dogara a kai a bayan jifa ɗaya. In wasiƙar da ke nuna maci amana tana ƙarƙashin tabarma kuma kowa ya kasa ganinta, wasa ya tsaya cak. Ka ajiye hanyoyi uku zuwa ga wannan sirri: wasiƙar, yaron gida da ya ji magana, da sawun doki a bayan gida.

Akwai kuma jagoran da ya rubuta labarinsa tun daga farko har ƙarshe, yana jan mutane da igiya. Duk abin da suka zaɓa wuri ɗaya ake fita. Da zarar sun gane, sai kowa ya ɗauki wayarsa. Abin da ake shiryawa shi ne hali, ba labari ba: wa ke son me, me zai yi in ba a tare shi ba. Shafi ɗaya ya isa zama na awa uku.

A kula da mataki na 1, jarumai ba su da kauri. Mai sihiri yana farawa da jini 6 da ƙarin juriyarsa, a ce 8. Ƙaramin dodon nan goblin yana sara da dayis mai fuska 6 da ƙarin 2, matsakaicinsa 5 da rabi. Sara biyu, mutum ya kwanta. Kada faɗan farko ya zama abokan gaba sun fi 'yan wasa yawa.

Yawan mutane kuwa, uku zuwa biyar ban da jagora. In sun kai bakwai kuma kowa na cin minti biyu a layinsa, mutum zai jira minti 12 kafin ya sake buɗe baki, ban da lokacin jagora.

Hajiya_Kwamfuta:

Ina da ja kaɗan, Malam Mai_Dayis. In muka ce dole sai zaɓi ya sauya duniyar wasa, mun kori rabin RPG na kwamfuta. Dragon Quest na 1986 da Final Fantasy na 1987, duk daga Japan, labarinsu a shimfiɗe yake, ba ka isa ka karkata shi ba, kuma babu mai musun RPG ne. Kwamfuta ba ta da jagoran da zai amsa abin da ba a shirya ba, sai masu ƙira suka ɗauki abin da na'ura ta iya: lambobi, matakai, kayan yaƙi, jini. Tun Wizardry da Ultima a 1981 haka aka taho.

Don haka gwajin da ya fi aiki a kwamfuta shi ne: wa ke yanke ko sara ya samu, yatsanka ko lambobin jaruminka? In ƙwararren ɗan wasa zai iya gama wasan da jarumi ɗan mataki na 1 saboda saurin hannu kawai, to wasan faɗa ne da aka yafa wa rigar RPG. Gwaji na biyu: mutum biyu su yi awa 20 kowa da nasa, jarumansu sun bambanta ko kuwa iri ɗaya suka fito? Baldur's Gate 3 na kamfanin Larian, 2023, ya haɗa duka, har dayis mai fuska 20 yake nuna maka a allo yana juyawa.

Na waya da Malam Bakatsine ya ambata, yawancinsu mataki kawai suka ara. Lamba na hawa, amma babu shawarar da ka yanke. Mafi muni su ne masu sayar da akwatin sa'a, ka biya kuɗi ba ka san wane jarumi zai fito ba. Wannan ya fi kusa da caca.

Bakatsine:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara basira. Saura ɗaya: dayis mai fuska 20 ba a samunsa a kantunan unguwa. Na ludo zai yi?

Ɗan Damagaram:

Zai yi, amma da dokarsa. Akwai tsarin da wasan Apocalypse World ya fito da shi a 2010: dayis biyu na ludo, a haɗa, a ƙara siffar jarumi, wadda ke tsakanin -2 da +3 a farkon wasa. 10 ko sama, ka samu abin da kake so. 7 zuwa 9, ka samu amma da tsada: ka haura ganuwar, jakarka ta faɗo a waje. 6 ko ƙasa, jagora ya jefo maka matsala. Ba tare da ƙari ba, cikin haɗuwa 36, guda 15 kasawa ce, 15 nasara mai tsada, 6 kacal nasara tsantsa. Kada ka bar ƙari ya wuce +3, don a +3 ɗin ma kasawa ta koma 3 cikin 36, fargaba ta tafi.

In kuma dokokin Dungeons & Dragons kuke so, yanka takardu 20 masu girma ɗaya, rubuta 1 zuwa 20, naɗe su a zuba a hula. Sharaɗin shi ne a mayar da takardar a girgiza bayan kowane ja. In aka bar ta a waje, wanda ke ƙirga zai san 20 ta riga ta fita, sai ya ƙi haura ganuwar.