Littattafan soyayya da suka dace da matasa

Da aka tattauna abin da matashi zai karanta, mafi yawa sun fara da In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino: Sumayya 'yar masu hali ta nace wa Muhammad talaka, iyaye kuma suka ƙi. Mata sun fi tsayawa kan Wa Zai Auri Jahila? na Balaraba Ramat Yakubu, inda aka cire Abu daga makaranta aka aurar da ita ga tsoho, ta gudu ta nemi ilimi. A ganina wannan ya fi ratsa zuciya. Masu jin Turanci an nuna musu Purple Hibiscus na Chimamanda Adichie, na 2003, labarin Kambili 'yar shekara 15 a Inugu.