Yaya Yahudawan Amurka ke tafiya da yara masu buƙata ta musamman?

Mai Neman Sani: Salamu alaikum 'yan'uwa. Wane tsari al'ummar Yahudawa a Amurka ke bi don yaro mai galahanga ko wata nakasa ya shiga harkokinsu, ba a bar shi a gida ba?

Malamar Aji: Wa alaikumus salam. Duba ƙungiyar Friendship Circle, wadda aka kafa a jihar Michigan a 1994. Ana tura matasa 'yan sa-kai, galibi biyu-biyu, gidan yaron duk mako su yi wasa da shi, iyaye su ɗan sarara. Inda ake samun tangarɗa shi ne yawan sauya matasan, domin yaron da ya saba da fuska ɗaya yakan rikice.

Baban Tagwaye: Malam, aikin ya fi yawa wajen bikin Bar Mitzvah, lokacin da namiji ya cika shekara 13. Ana rage masa karatun Attaura zuwa aya uku, ya riƙa gwaji a wurin ibadar lokacin da ba kowa, a jera masa hotunan abin da zai biyo bayan wani. A tanadi ɗaki mara hayaniya kusa. Wani cikas kuma, 'yan Otodoks, wato Yahudawa masu riƙo da dokokin addininsu sau da ƙafa, ba sa kunna na'ura ranar Asabar, ranar da aka fi yin bikin, don haka yaron da ke magana ta hanyar kwamfutar hannu sai a koya masa katunan hoto tun makonni kafin ranar.

Malamar Aji: Gaskiya ne. Ƙarar busa ƙaho a sabuwar shekararsu ma tana firgita wasu yaran, sai a sa musu abin toshe kunne. Na manta da shirin Tikvah na sansanin hutu na Ramah, tun 1970 yake ɗaukar irin waɗannan yara.