Fedar kibod tana aiki a juye

Habu: Salamu alaikum 'yan uwa. Sabuwar fedar kibod ce ta riƙe sauti, amma in an taka sauti ya yanke, in an saki ya ci gaba da amo. A canza ta ne? Wacce za a saya?

Malam Yakubu: Wa alaikumus salam. Lafiyarta ƙalau. Duba gefenta ko ƙarƙashinta, wasu suna da ɗan makullin juyawa. In babu, kashe kibod ɗin, jona fedar, sannan ka kunna ba tare da ƙafarka tana kanta ba. Kibod da yawa a lokacin kunnawa suke gane irin fedar.

Talatu: In ma canzawar za ka yi, kalli bakin filogin. Mai baƙin zobe ɗaya ba ta san komai ba sai take ko sake. A MIDI, wato tsarin da kayan kiɗan lantarki ke aika wa juna saƙo da shi, lambar wannan feda 64 ce; in ƙimar da ta aika 0 zuwa 63 ce an sake, 64 zuwa 127 an taka. Irin Yamaha FC3A mai zobe biyu tana ba da rabin taku, muddin kibod ɗinka yana karɓa.

Baba Iliya: Ku matasa feda kuke zargi, alhali ƙafa ce mai laifi. A fiyano na gaske fedar dama tana ɗage ƙyallen da ke danne tsirkiya gaba ɗaya, har waɗanda ba a buga ba su amsa. Shi ya sa in ka danne ta ka sauya haɗin sauti ba ka saki ba, komai ya cakuɗe. Fara buga sabon haɗin sauti, ka ɗaga ƙafa a daidai lokacin, sannan ka sake takawa. A kibod kuma ga wata matsala: mai iya riƙe sauti 32 kacal, in ka haɗa murya biyu kana take da feda, zai riƙa yanke na farko. Rage reverb ma, wato amsa-kuwwar da kibod ke ƙara wa sauti, shi da feda aiki ɗaya suke ninkawa.

Habu: Baba, fedar tsakiya ta fiyano fa?

Malam Yakubu: Ta rage ƙara ce, ƙyalle take saukewa tsakanin guduma da tsirkiya.

Talatu: A'a Malam, wannan a mafi yawan fiyano na tsaye ne. A babba na kwance tana riƙe sautin maɓallan da ke danne lokacin takawa kaɗai, a MIDI lambarta 66.

Malam Yakubu: Gaskiyarki. Habu, makullin ya yi?