Rikicin masu babur ɗin ƙanƙara da masu zamiya a dazukan Amurka

Muhawara kan yadda masu babur ɗin ƙanƙara da masu zamiya a kan dusar ƙanƙara za su yi amfani da daji ɗaya ta yi zafi, amma yawancin masu muhawarar sun tsaya kan shawara ɗaya: a raba daji. Misalin da aka fi kawowa shi ne Rabbit Ears Pass, wata mashigar duwatsu a jihar Colorado, inda yamma ta masu zamiya ce, gabas ta masu babur. Mai zamiya ya sha wahalar hawan dutse da ƙafa, babur ya zo cikin mintuna ya tattake masa dusar ƙanƙarar, ga ƙara ga hayaƙi. Dole ransa ya ɓaci. Masu babur kuwa suka ce kuɗin rajistarsu ke gyara hanyoyin cikin dusar ƙanƙara, kuma suna da gaskiya. An ce kowa ya duba taswira kafin fita, tunda wata ƙa'ida ta shekarar 2015 ta wajabta wa hukumar gandun dajin Amurka ware wuraren babur. Kuma kada a bi ta saman wani a gangaren da ƙanƙara ke iya zaftarewa.