Ruwa ya rushe gidan ƙawata, maigidana yana jan ƙafa mu sauke su, ya zan yi?

Maman_Rifkatu:
Salama 'yan'uwa. Don Allah shawara nake nema, abin ya hana ni barci. Akwai wata ƙawata da muke sayar da tumatur tare a kasuwar Farin Gada tun ba yau ba, Musulma ce, mijinta ya rasu, tana zaune wajen Rikkos kusa da rafi. Ruwan nan da aka yi ya shiga gidan da dare, ɗaki biyu suka zube, ita da yaranta huɗu Allah ne kawai ya fitar da su. Yanzu suna kwana a aji a wata makarantar firamare da sauran mutane. Na je na gan ta, ƙaramin yana tari, tabarma ɗaya ce a kan siminti cikin sanyin Jos ɗin nan, littattafan yaran ta shanya a kan benci duk sun manne da juna. Na dawo na ce wa maigidana mu ba su ɗakin da ɗanmu ya bari tunda ya tafi bautar ƙasa, ya ce shi bai ƙi taimako ba amma mu ma da ƙyar muke kai ƙarshen wata, kuma me maƙwabta za su ce a Angwan Rukuba, kuma wai ai Galatiyawa 6 ta ce a fi kula da 'yan'uwa masu bi. Ni dai zuciyata ta ƙi kwanciya. Shin wajibi ne a kan Kirista ya sauke baƙon da ba addininsu ɗaya ba? In na matsa masa na yi rashin biyayya ne?

Dattijo_Kabong:
'Yata, sannu da wannan zuciya, Ubangiji ya ƙara miki. Ki gaya wa maigidan naki cikin ladabi ya karanta ayar daga farkonta, Galatiyawa 6:10 cewa ta yi mu kyautata wa kowa da kowa, sannan ta ƙara da tun ba ma masu bi ba. Ba ta cire kowa ba. A Matiyu 25 ma da Yesu ya yi maganar baƙon da aka saukar, da mai yunwa da mai ƙishi, bai ce an fara tambayarsu wane coci suke zuwa ba. Wadda ta fi taɓa ni kuwa ita ce Ayyukan Manzanni 28. Jirgin ruwan da Bulus yake ciki ya farfashe, mutum 276 ne a ciki, suka fito a tsibirin Malita a jiƙe sharkaf ana ruwa ana sanyi. Mutanen da suka hura musu wuta suka karɓe su ba Kirista ba ne, ba su taɓa jin bishara ba ma. To in waɗanda ba su san Almasihu ba sun yi wa manzo haka, mu da muka sani wane uzuri gare mu?

Mu a Jos ba baƙon abu ba ne. A watan Yuli na 2012 ruwa ya yi ambaliya daga wajen dam ɗin Lamingo da dare, ya bi ta Rikkos da Gangare, sama da mutum 30 suka mutu, gidaje wajen 200 suka tafi, lokacin azumi ne ma. Abin da har yau yake ci mini rai shi ne da yawanmu muna jin labarin a rediyo kamar a wata ƙasa ake yi, alhali tafiyar keke napep ce, don kawai rikici ya raba mu kowa ya koma unguwarsa. Amma kada ki yi da faɗa. Matar nan ta Shunem a 2 Sarakuna 4 da ta so ta yi wa Elisha ɗaki, sai da ta zauna da mijinta suka yi shawara.

Bulus_Tudunwada:
Baba na ji maganarka kuma ban musa ayoyin ba, amma a yi haƙuri zan faɗi tawa. Anti kin tambayi ita ƙawar taki ko za ta yarda ta kwana a unguwarku? Mu faɗa wa kanmu gaskiya, tun 2001 garin nan yadda yake kowa ya sani, yau lafiya lau gobe wani ya tura jita-jita a WhatsApp shikenan an fara gudu, in haka ta faru da mace da yara huɗu a ɗakinki ya za ki yi da su? Tsoron maigidanki ba rashin bangaskiya ba ne, shi ne zai amsa tambaya in wani abu ya faru. Ga kuma makarantar yaran da islamiyyarsu duk suna can. A ganina ki haɗa kuɗi ki kama mata ɗaki ko na wata shida ne a wajen da ta saba, wannan ma saukar baƙo ne ai.

Ndagi_EYN:
Ɗan'uwa Bulus akwai gaskiya a zancenka, amma bari in yi magana a matsayin wanda aka taɓa sauka. Ni mutumin Borno ne. A 2014 da Boko Haram suka kore mu har hedikwatar cocinmu ta EYN da ke Kwarhi sai da ta dawo Jos na ɗan lokaci, wani iyali da ba su san mu ba suka buɗe mana falonsu. Shinkafa an raba mana a wurare da yawa kuma mun gode, amma abin da ya dawo mana da hankali shi ne ƙofar da za ka rufe ka yi kuka ba wanda yake kallonka, da uwar gidan da take cewa matata ta shiga kicin ta dafa miyar da ta saba. A sansani layi kake bi a kira lambarka, a gidan mutum kuwa sunanka ake kira.

Sannan a Satumba 2024 dam ɗin Alau ya fashe, ruwa ya ci Maiduguri, Gwange da Monday Market da asibitin koyarwa har gidan zu, rabon da a ga irinsa tun 1994. Ƙanwata da yaranta maƙwabcinsu Musulmi ne ya ɗauke su zuwa gidan yayansa da ruwan bai kai ba, suka zauna har ya janye, ranar Lahadi ma shi yake nuna musu hanyar coci mafi kusa. Ruwa ba ya tambayar sunanka kafin ya shiga ɗaki, haka aka gani a ambaliyar Mokwa ta jihar Neja a 2025, mutane sama da 150 suka mutu a dare ɗaya. Don haka Mama in ita ta yarda kuma maigida ya yarda, ki sauke ta. Abu ɗaya zan roƙa, kada a mai da abincin da za ki ba ta ƙugiyar jawo ta coci. Ki ba ta buta da wuri mai tsabta ta yi sallarta, ku yi addu'arku ta safe kamar kullum, in ta tambaya ki amsa.

SistaHanatu:
Ni ma'aikaciyar jinya ce, nawa gajere ne. Yaron mai tari a kai shi asibiti gobe goben nan kada a jira a gama shawara. Bayan ambaliya ruwan masai yana shiga rijiya, daga nan amai da gudawa ke farawa, ki ce mata ta tafasa ruwan sha, ki kai musu gidan sauro da bargo da sabulu da ORS, wato garin haɗa ruwan gishiri da sukari na masu gudawa. Ta kuma tabbata an rubuta sunanta in jami'an SEMA, wato hukumar agajin gaggawa ta jiha, ko Red Cross sun zo ɗaukar sunaye, gwauraye mata su ake yawan tsallakewa don ba namijin da zai kutsa layi.

Kuma Mama don Allah kada ki ɗauki kayan nan ke kaɗai. Meye amfanin Zumuntan Mata in ba irin wannan ba? Muna iya haɗa kuɗin anko a sati ɗaya. Kowace mace ta kawo mudu ɗaya na masara ko acca, wata dankali, wata gawayi, ki sa Fasto da mai unguwa su san da zuwan baƙin tun kafin su iso, bakin maƙwabta zai mutu. Yawancin gunagunin da 1 Bitrus 4:9 ke hana mu daga buhun da ya ƙare yake fitowa, gida ɗaya aka bari da nauyin da ya kamata ikilisiya ta ɗauka.

Maman_Rifkatu:
Na gode ƙwarai 'yan'uwa, Allah ya saka. Na kai yaron an duba shi an ba shi magani. Na tambaye ta kamar yadda Bulus ya ce, ta yi shiru can ta ce manyan yaran biyu za su zauna wajen kawunsu saboda makaranta, ita da ƙananan in babu takura za ta zo kafin ta samu ɗaki. Maigidana na karanta masa abin da Baba da Ndagi suka rubuta, bai ce e ba tukuna amma ya ce zai ga Fasto da mai unguwa ranar Laraba bayan addu'a, kuma shi da kansa ya tambaye ni ko rufin ɗakin yana yoyo. Shugabar zumuntanmu ta ce a kawo maganar a taron wannan satin. Yanzu katifa ce matsalar, wadda ke ɗakin ƙarama ce, in akwai mai tsohuwa da ba ya amfani da ita ko bargon yara ya yi mini magana, zan zo in ɗauka da kaina in na tashi daga kasuwa.