Yaya zan shirya iyalina kafin ruwan Agusta, alhali ina aiki a Kano?

Magidanci daga Auyo:
Assalamu alaikum. Ina aiki a Kano, iyalina kuwa suna Auyo ta jihar Jigawa, a gidan ƙasa da ke bakin fadama, tare da mahaifiyata wadda ciwon ƙafa ya hana ta doguwar tafiya. A ambaliyar 2022 ruwa ya ci katangarmu da rumbunmu, muka yi kwanaki a makarantar firamare ba ko tabarma. Yanzu damina ta kankama, ni kuma ba ni da halin sake gida. Me ya kamata in tanada tun yanzu, ganin cewa idan abin ya zo da dare ba lallai ne ina gari ba?

Wani mazaunin Maiduguri:
Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Lokacin da madatsar Alau ta ɓalle a Satumbar 2024, cikin dare ruwan ya iske mu, kuma abin da ya fi wahalar da ni daga baya shi ne takardu, domin kayan ɗaki ana sake saye, amma takardar fili da sakamakon jarrabawar yara sai da na yi watanni ina zirga-zirga a kansu. Ka haɗa su duka da katin shaidar ɗan ƙasa a leda biyu, ka ɗaure, ka sa a jaka guda tare da tocila, da cajar waya, da 'yan kuɗi a hannu, a rataye ta kusa da ƙofa inda uwargida ta sani. Sannan ku tsayar da wuri ɗaya a kan tudu wanda kowa zai nufa idan an rabu, saboda a irin wannan dare waya ba abin dogaro ba ce.

Wata ma'aikaciyar jinya:
Malam, ina so ka lura da abin da ke biyo bayan ruwan, domin yakan haɗe rijiya da masai, daga nan sai amai da gudawa. A koya wa mutanen gida tafasa ruwan sha, a kuma ajiye fakitin gishiri da sukari na asibiti. Idan babu, ana zuba ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta. Idan Hajiya tana shan maganin hawan jini ko na ciwon sukari, a ware na wata guda a cikin jakar, kuma kada a manta da gidan sauro.

Dattijo daga Haɗeja:
Yaro, shawarwarin nan suna da kyau, sai dai a ganina ba jaka ce babbar matsalarka ba, mahaifiyarka ce. Ruwan yankinmu ba kasafai yake yin ba-zata irin na Alau ba. Yana gangarowa ne daga wajen madatsun ruwa na Tiga da Challawa, ya tarar da ciyawar kachala ta toshe masa hanya, sai ya riƙa hawa sannu a hankali, mai lura kuma yakan gan shi kwanaki kafin ya ƙetare jinga. Saboda haka ka kafa turke a bakin fadama, ka yi masa alama, ku yi alkawari da wani maƙwabci mai amalanke cewa ranar da ruwa ya taɓa alamar zai kwashe tsohuwa da yara zuwa gidan dangi a kan tudu, ko kana nan ko ba ka nan. Kada ka bar wa matarka wannan hukunci, domin surukar da ta ce ba ta barin ɗakinta, ba matar ɗanta ce za ta iya fitar da ita ba. Kai za ka zaunar da ita ka nemi yardarta tun yanzu. Hatsi a raba shi biyu, a kai rabi wani gari, awaki kuma a kwance su idan za a fita. Ginin ƙasa daga tushe yake jiƙa kafin ya zube, don haka kada kowa ya kwana a ɗakin da ruwa ya kwanta a gindinsa.

Magidanci daga Auyo:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba, ka taɓo inda yake mini ƙaiƙayi, domin a 2022 ma sai da ƙyar ta yarda ta fita. Ranar Juma'a zan je gida, zan kuma tafi da kawuna, wanda shi ne ba ta iya yi wa musu.