Gwajin bakin mahaifata ya nuna sauyi, an ce in koma a ƙara dubawa

Uwar Biyu:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka san wannan al'amari, ko ta hanyar aikinsu ko kuma don ya taɓa samunsu. Na yi gwajin bakin mahaifa ba don ina jin ciwon komai ba, sai don ma'aikaciyar jinya ta ce shekaruna sun kai. Da sakamako ya fito, aka shaida mini cewa an ga ƙwayar cutar HPV, an kuma ga sauyi a ƙwayoyin halittar bakin mahaifar. An sa mini ranar da zan koma a duba ni da na'urar da suke kira kolposkofi, likitar kuma ta ce mai yiwuwa a ɗebi ɗan nama a kai ɗakin gwaji, idan abin ya kai wani mataki a cire wurin.

Tun daga ranar barci ya ƙaurace wa idona. Likitar ta ce ba sankara ba ce, amma zuciyata ta ƙi kwanciya, domin ina ganin kamar lallashina kawai take yi. Idan da gaske ba sankara ba ce, me ya sa ake maganar yanka? Ina son ƙarin haihuwa, ko wannan aikin zai hana? Abin da ya fi ci mini rai kuwa shi ne na karanta cewa ta hanyar saduwa ake ɗaukar ƙwayar, alhali ban taɓa sanin wani namiji ba sai maigidana, kuma har yanzu na kasa gaya masa.

Ungozoma:

Wa alaikumus salam 'yar'uwa, sannu da wannan fargaba. Likitarki ba lallashinki take yi ba, gaskiya ta gaya miki. Gwajin da kika yi ba an ƙirƙire shi don a kama sankara bayan ta zauna ba ne, an yi shi ne don a gano sauyin da ke iya zama sankara tun shekaru da yawa kafin ya zama. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa a jikin macen da garkuwarta ke da ƙarfi, yakan ɗauki shekara 15 zuwa 20 kafin irin wannan sauyi ya rikiɗe ya zama sankara, a jikin wadda garkuwarta ta yi rauni kuwa, kamar mai ɗauke da HIV da ba ta shan magani, yana iya ɗaukar shekara 5 zuwa 10. Saboda haka makonnin da za ki jira kafin ranar komawa ba za su sauya komai ba, muddin dai kin koma ɗin.

Ita HPV iri-iri ce, kuma yawancin mutanen da suka taɓa saduwa sukan ɗauke ta a wani lokaci na rayuwarsu ba tare da sun sani ba. A mafi yawan mutane garkuwar jiki ce ke kawar da ita cikin shekara ɗaya zuwa biyu. Matsalar tana tasowa ne idan ɗaya daga cikin nau'o'in masu haɗari ya ƙi tafiya, musamman nau'i na 16 da na 18, waɗanda su biyun ke haddasa kimanin kashi 70 cikin 100 na sankarar bakin mahaifa a duniya.

Kolposkofi kuwa ba tiyata ba ce. Za ki kwanta kamar yadda kika yi a gwajin farko, a sa ƙarfen nan na buɗe gaba, na'urar kuma tana tsayawa a waje, gilashin ƙara girma ne kawai mai fitila. Za a shafa wa bakin mahaifar ruwan khal da aka sirka, wanda ke sa wurin da ya sauya ya yi fari fat, wani lokaci kuma a bi da aidin. Idan an ga wuri mai shakku sai a tsinki ɗan nama ƙarami ƙwarai, abin da za ki ji bai wuce mintsini da ɗan murɗawar mara ba. Duka-duka aikin bai cika wuce minti 20 ba.

Sakamakon wannan naman ne zai yanke hukunci, kuma za ki ga an rubuta CIN1 ko CIN2 ko CIN3. Lambobin suna nuna zurfin da sauyin ya yi a cikin fatar da ta lulluɓe bakin mahaifa ne, ba matakan sankara ba ne, domin na sha ganin mata sun ga lamba 3 sun ɗauka mataki na uku na ciwon daji ne suka fashe da kuka. CIN1 yawanci yakan warke da kansa, shi ya sa sau da yawa ake barinsa ana bibiya. CIN2 da CIN3 su ne aka fi yi wa magani, ko dai a daskarar da wurin da iska mai tsananin sanyi, ko a ƙona shi da kan ƙarfe mai zafi, ko a fere shi da siririyar waya mai lantarki, aikin da ake kira LEEP, wasu ƙasashe kuma LLETZ. Dalilin yankan da kika tambaya shi ne babu wanda zai iya gane wace mace ce sauyinta zai tsaya, wace ce nata zai ci gaba, don haka ake liƙe tsaguwar bango tun kafin damina ta sauka. A kusan mata 9 cikin 10, magani sau ɗaya ya wadatar.

Game da haihuwa, waɗannan ayyuka ba sa taɓa mahaifar kanta ko ƙwai, kuma mata suna ɗaukar ciki bayansu. Abin da ba zan ɓoye miki ba shi ne LEEP yana ɗan ƙara yiwuwar haihuwa kafin wata ya cika, musamman idan an yi yanka mai zurfi ko an maimaita shi. Ki gaya wa likitar tun kafin a fara cewa kina son ƙarin haihuwa, idan kuma kin samu ciki nan gaba ki ambaci aikin a awon farko.

Ta Sha Miya:

Uwar Biyu, ni an yi mini LEEP bayan sakamakona ya nuna CIN3, kuma zan gaya miki abin da na so a ce wani ya gaya mini. Ba a sa ni barci ba. Allurar kashe zafi aka yi mini a bakin mahaifa, ita ce ma ta fi komai zafi, kuma bayan an yi ta sai ƙirjina ya riƙa bugawa da sauri, ƙafafuna suna rawa, har na ɗauka wani abu ya lalace. Ma'aikaciyar da ke riƙe da hannuna ta ce sinadarin da ke cikin allurar ne mai rage zubar jini, kuma kafin wani lokaci ya lafa. An manna mini wani faifai mai sanyi a cinya saboda lantarkin, na'urar zuƙe hayaƙi tana ta ƙugi, akwai kuma ɗan ƙauri da ya tashi, wanda shi ya fi tayar mini da hankali fiye da ciwo. Da ƙafata na koma gida a ranar.

Bayan aikin ne ake buƙatar haƙuri. Ruwa ya yi ta zubo mini, wani lokaci ruwan kasa-kasa mai ɗan baƙin gari-gari, wanda aka ce maganin tsayar da jini ne da aka shafa a wurin, daga baya kuma jini ya ɗan ƙaru lokacin da ɓawon miki ya faɗi. An hana ni saduwa, da cusa komai a gaba, da shiga ruwa in zauna, har na tsawon mako 4, audugar mata ta waje kaɗai aka yarda in sa. An kuma gargaɗe ni cewa idan jini ya fi na al'ada yawa ko yana fitowa da gudaji, ko ruwan ya fara wari, ko zazzaɓi ya zo da ciwon mara mai tsanani, in koma asibiti nan take kada in jira ranar da aka sa mini.

Wahalar da ta fi ta jiki a wurina ita ce jiran sakamako, kuma abin da ya taimake ni shi ne na daina binciken intanet da tsakar dare, na rubuta tambayoyina a takarda na tafi da su, na kuma tafi da yayata don abin da kunnena ya kasa riƙewa nata ya riƙe.

Gwaggon Yara:

'Yata, ni maganar maigidanki zan taɓa, domin na ga ita ce ke hana ki barci fiye da asibitin. Wannan sakamako ba shaida ba ne a kan kowa. Ƙwayar tana iya kwanciya a jiki shekaru masu yawa ba ta nuna kanta ba, sannan ta bayyana a gwaji, kuma babu gwajin da zai faɗi yaushe aka ɗauke ta ko daga wa. Wanda ya taɓa yin wani aure, ko ya auri wadda ta taɓa aure, yana iya ɗauke da ita tun da daɗewa bai sani ba, domin ga maza yawanci ba ta nuna alama. Kada ki gina zargi a kan abin da ilimin likita kansa bai iya tabbatarwa ba, kada kuma ki yarda a ɗora miki shi.

A ganina ki gaya masa tun yanzu, in ma kina jin nauyi ki roƙi likitar ta yi masa bayani a gabanki, tunda dai dole ne ya san dalilin ƙauracewar mako 4 ɗin, kuma mijin da bai fahimta ba shi ne ke matsawa har miki ya fame. Sannan ki toshe kunnenki daga masu cewa ki sa wani haɗi ko ki yi matsi don ya wanke ƙwayar. Babu maganin sha ko na cusawa da aka tabbatar yana kashe HPV, allurar rigakafin HPV ma tana kare wadda ba ta ɗauka ba ne, ba ta warkar da wadda ta riga ta ɗauka, ko da yake ga 'ya'yanki mata tana da amfani ƙwarai, tunda 'yan shekara 9 zuwa 14 aka fi so a yi wa. Idan akwai mai shan taba a cikinku a daina, domin shan taba na cikin abubuwan da ke hana ƙwayar barin jiki.

Uwar Biyu:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka muku da alheri. Gwaggo, na ji maganarki, zan gaya masa a daren nan. Malama Ungozoma, saura tambaya biyu: na lissafa na ga ranar da aka sa mini tana iya haɗuwa da al'adata, sannan bayan an yi magani shi ke nan an gama?

Ungozoma:

Idan jinin ya zo da yawa ki kira asibitin su matsar miki da ranar, domin jini yana rufe wurin da ake son gani, amma ki karɓi sabuwar rana a wannan kiran, kada ki bar ta a buɗe. Ki guji saduwa da cusa kowane magani na kwana ɗaya kafin ki je. Idan kuma al'adar ta yi jinkiri kina zaton ciki, ki faɗa musu, ana iya yin kolposkofi ga mai juna biyu, sai dai yawanci akan ɗage maganin zuwa bayan haihuwa.

Ba a gama ba sai an sake gwada ki. Wasu asibitoci suna yin gwajin bayan wata 6, wasu bayan wata 12, don a tabbatar ƙwayar ta tafi kuma sauyin bai dawo ba, bayan haka ma za a ci gaba da kiranki a kai a kai na tsawon shekaru. A nan ne mata da yawa ke ɓace mana, domin jiki ya yi daɗi sun manta. Ki nemi a rubuta miki ranar a katinki kafin ki bar asibitin.